Ƙafa 20 ko ƙafa 40: wace kwantena ce ta dace da riɗi da zoɓorodo?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Na daɗe ina sayen riɗi da zoɓorodo a Mai'adua da ƙauyukan da ke kewaye, in kai Dawanau in sayar wa masu fitarwa waje. Bana Allah ya haɗa ni da mai saye a Turkiyya da zai karɓi riɗi, da wani kuma mai neman zoɓorodo. Ina da riɗi kamar tan 40, zoɓorodo tan 12. Wani ya ce in ɗauki kwantena mai ƙafa 40 tunda ninkin mai ƙafa 20 ce, kuɗinta kuwa bai kai ninki ba. Shin riɗin zai shiga guda ɗaya? Zan iya cike ragowar wuri da zoɓorodo? Na kuma ji akwai mai sanyi, ko ita ta fi tsare kaya?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a wannan sabon mataki, ya kai kaya lafiya. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko tan 40 na riɗi zai shiga kwantena ɗaya mai ƙafa 40, ko za a iya haɗa riɗi da zoɓorodo wuri guda, da kuma ko akwai buƙatar mai sanyi. Duka ukun amsarsu a'a ce. Abin da nake ganin ya dace da kayanka shi ne kwantena biyu masu ƙafa 20 don riɗi, sai ɗaya mai ƙafa 40, irin doguwar nan mai ƙarin tsayi, don zoɓorodo. Amma ba na so ka riƙe wannan kawai ka tafi, domin baɗi wani kayan ne zai zo hannunka, gara ka san yadda ake lissafin da kanka.

Wanda ya ba ka shawarar nan ya faɗi gaskiya ta fuska ɗaya. Mai ƙafa 40 ta ninka mai ƙafa 20 wajen faɗin ciki. Wajen nauyin da aka yarda ta ɗauka kuwa ba ta ninka ta ba, hasali ma ta ɗan gaza ta. A nan ne mafi yawan sababbin masu fitar da kaya suke tuntuɓe, kuma na sha ganin haka a shekarun da na yi ina aikin fito da lodin kwantena tsakanin Katsina, Kano da Legas.

Abin da ke rubuce a ƙofar kwantena

Tun 1956 da wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, harkar take bunƙasa, har aka zo aka daidaita awon kwantena a duniya baki ɗaya. Shi ya sa wadda ka gani a bakin kanti a Katsina an mai da ita shago, awonta ɗaya da wadda ke tashar Apapa ko ta Shanghai.

Mai ƙafa 20, wadda 'yan tasha ke kira twanti, cikinta mita 5.9 ne a tsawo, 2.35 a faɗi, 2.39 daga ƙasa zuwa rufi. Idan ka ninninka su za ka samu kubik mita 33, shi ne abin da ake rubutawa CBM a takardu. Mai ƙafa 40, wato foti, faɗinta da tsayinta ɗaya da na twanti, tsawonta ne ya kai mita 12, ta ba da kubik mita 67. Sai doguwar foti, wadda za ka ga an sa mata HC a takarda. An ƙara mata ƙafa ɗaya a sama, cikinta ya kai kubik mita 76. Amma babu mai cika kwantena taf kamar yadda ake cika tulu da ruwa. Buhu yana barin rata, bakin ƙofa yana cin wuri, don haka a aikace ka lissafa 27 zuwa 28 a twanti, 57 zuwa 58 a foti, 67 zuwa 68 a doguwa.

To ga inda maganar take. A ƙofar dama ta kowace kwantena an rubuta iyakar nauyinta da kaya a ciki, da nauyinta ita kaɗai, da abin da ya rage na kaya. Galibi iyakar kilo 30,480 ce, ko twanti ko foti, wasu sababbi sukan kai 32,500. Dalili kuwa duk a kan kusurwa huɗu suke zama, da kusurwa huɗun ƙugiya take ɗaga su, kuma mota ɗaya ce za ta ja su a titi. Twanti fanko tana da nauyin kilo 2,200 zuwa 2,300, saboda haka tana iya ɗaukar kaya har kusan tan 28. Foti fanko ta kusa tan 4, abin da ya rage mata bai wuce tan 26 da 'yan kai ba. Babbar ta fi ɗaki, ƙaramar ta fi ƙarfin wuya.

Kowane kaya da ɗayan biyu yake cika kwantena, ko da nauyi ko da cin wuri. Tayil, ƙarfe, batir, sukari, nauyinsu ke kai iyaka tun ɗaki bai cika ba. Auduga, katifa, robobi, zoɓorodo, ɗaki suke cinyewa sikeli bai ko motsa kirki ba. Ni ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in raba tan 26 da kubik mita 67, ya ba ni kusan kilo 400 a kowane kubik mita. Kayan da bai kai wannan nauyin ba na doguwar foti ne. Wanda ya haura shi sosai, twanti ta fi dacewa da shi.

Lissafin riɗinka

Riɗi a buhu yana kai kilo 600 ko kusa da haka a kubik mita, ya shiga sahun masu nauyi ke nan, ko da yake bai kai tayil ba. Abin da aka saba loda wa twanti shi ne tan 19, buhu 380 masu kilo 50, a nan ɗakin yake cika. A foti kuwa buhu 520 za ka sa, tan 26, sikeli ya tsayar da kai alhali akwai sauran wuri da yawa. Tan 40 ba zai taɓa shiga foti ɗaya ba. Ko an tura shi da ƙarfi ya shiga, a bakin tasha za a dawo da ita.

Ka kuma tuna riɗin da ka saya a Mai'adua ba shi ne za a loda ba. Sai an kai shi injin tacewa an fitar da ƙasa da tsakuwa da kara, an sake ɗura shi a sababbin buhuna, kuma dole wani abu ya ragu. Tan 40 na kasuwa yakan dawo wajen 38 ko 39, gwargwadon tsabtar da manoman suka yi masa. Twanti biyu tan 38 ke nan, kamar an auna da kayanka. Idan ka bi ta foti, za ka loda 26, sauran 12 ko 13 su tilasta maka ɗaukar wata twanti da ba za ta cika ba, ka biya kuɗin foti da twanti a kan abin da twanti biyu za su ɗauke.

Wannan ba ya nufin foti ba ta taɓa dacewa da riɗi. Manyan masu fitarwa suna loda shi a cikinta, musamman lokacin da twanti ta yi wuya ko kamfanin jirgi ya karya farashin foti don yana so a mayar masa da su. Hanyar ganewa ita ce ka raba kuɗin da tan. Bari in ƙirƙiro lambobi don misali kawai: a ce twanti dala 1,500 ce, foti dala 2,200. A twanti kowane tan ya tsaya dala 79, a foti dala 85. Ka ga wadda ake cewa mai araha ita ce ta fi tsada. Amma da fotin za ta sauko dala 1,800, tan ya koma 69, lissafi ya juya. Ka sa kuɗin mota a ciki kuma, domin daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma sau da yawa kuɗin tirela yana gogayya da na jirgin. Kada wani direba ya ce zai ɗora maka twanti biyu cike da riɗi a tirela ɗaya. Za su zauna a kanta ta fuskar tsawo, amma nauyin ya haura tan 42. Mota biyu za ka nema.

Kafin duk wannan, ka buɗe yarjejeniyarku da mutumin Turkiyya. Galibi a ciki ake rubuta yawan kwantena da irinta, da nauyin buhu, ko kilo 25 ko 50, da ɗan sassaucin da aka yarda ya ƙaru ko ya ragu. Idan ya rubuta twanti biyu, magana ta ƙare, domin shi ma yana da dokar nauyi a titunan ƙasarsa da girman siton da zai sauke.

Zoɓorodo

Shi kuma akasin riɗi ne. Busasshen zoɓorodo bai kai kilo 200 a kubik mita ba, iska ce rabinsa. Doguwar foti takan ɗauki tan 12 zuwa 13 idan an danne buhunan da kyau. Foti ta gama-gari ba za ta kai haka ba, ga shi bambancin kuɗinsu kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Saboda haka idan kana neman gurbi a jirgi ka faɗa da bakinka cewa doguwa kake so, ka kuma duba takardar. A jikin kwantena akwai wata 'yar lamba mai harafi huɗu: 22G1 twanti ce, 42G1 foti, 45G1 doguwar foti. Wasu sukan ga 45 su ɗauka ƙafa 45 ake nufi, alhali tsayin ne take nunawa.

Tan 12 ɗinka yana bakin iyaka, shi ya sa nake so ka yi wani gwaji a sitonka tun kafin ka biya ko sisi. Ka jera buhu 20 masu kilo 25 a kusurwa, yadda 'yan dako za su jera su a kwantena, ka sa tef ka auna tsawo da faɗi da tsayin tarin, ka ninninka. Rabin tan ke nan ka auna, sai ka ninka abin da ka samu sau 24. Idan tarin ya ci kubik mita 2.8, duka kayan za su ci 67, za su shiga da ƙyar. Idan ya ci 3.2, za su nemi kusan 77, wasu buhunan a ƙasa za su kwana. Maganinsa a ƙara danne buhu, amma da hankali. Wanda ya sayi cikakken fure ba zai karɓi gari ba, kuma zoɓorodon da ya bushe ƙamas cikin hunturu yana farfashewa idan aka matsa masa. Ka tambayi mai sayen wane iri yake so, cikakke ko dakakke, domin dakakken ya fi shiga da yawa.

Batun haɗa su kuwa, a takarda yana da kyau: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, a cika sikeli a cika ɗaki. 'Yan kasuwar da ke shigo da kaya daga Chana suna yin haka, su sa batir ko tayil a ƙasa, kwalayen fitilu a sama, kuma dabara ce mai kyau. A naka kayan ban yarda da ita ba. Masu sayen biyu ne, kuma kwantena cikakkiya hatimi ɗaya ake buga mata, mutum ɗaya ke buɗe ta. Takardar lafiyar tsirrai ta kowanne daban, sharuɗɗan feshin ƙwari daban. Sannan riɗi mai ne a cikinsa, yana zuƙar wari, ga jar ƙurar zoɓorodo da za ta bi ta kan buhuna. Farin riɗin da aka biya kuɗi aka tace ba ya son maƙwabci irin wannan.

Mai sanyi da sauran ire-irenta

Ba ka buƙatar mai sanyi. An yi ta ne don nama, kifi, 'ya'yan itatuwa, magunguna, abin da zafi ke lalatawa cikin kwanaki. Wuta take ci ba dare ba rana, a jirgi a jona ta, a tasha a jona ta, a kan hanya sai an ɗaura mata janareta. Bangonta mai kauri da injinta sun cinye wuri, doguwarta ba ta wuce kubik mita 67 ba a takarda, kuɗinta kuma ya fi na busasshiya nesa. Riɗi da zoɓorodo bushewa suke so. Idan ma aka fito da su daga sanyi zuwa iska mai zafi, raɓa ce za ta kwanta a kansu.

Sauran ire-iren ka san da su don gaba. Akwai marar rufi da ake lulluɓewa da tamfol, don injin da sai ƙugiya ta sauke shi ta sama. Akwai mai shimfiɗa marar bangon gefe, don tarakta da manyan injuna. Akwai tanki, akwai kuma babbar jakar roba da ake shimfiɗawa cikin twanti ta ɗauki har lita 24,000, idan wata rana ka koma fitar da man riɗi. Wanda kayansa ba su kai kubik mita 13 zuwa 15 ba kuma, yakan shiga haɗaka da wasu a kwantena ɗaya, a caje shi gwargwadon wurin da ya ci. Aikina ya fi yawa a busassun kaya, don haka ranar da ka tashi ɗaukar mai sanyi ko tanki, ka nemi wanda kullum su yake yi.

Lafiyar kwantenar ta fi girmanta muhimmanci

A nan nake so ka fi mai da hankali. Ka zaɓi girman da ya dace, a kawo maka ruɓaɓɓiya, wahalarka ta tashi a banza. Ka gaya wa ejan ɗinka tun farko cewa kayan abinci ne, wadda ta dace da abinci kake so. Idan ta iso, gani ya kori ji. Ka shiga ciki da rana tsaka, a rufe ƙofa da kai na minti ɗaya, ka ɗaga kai. Duk inda ka hango ɗigon haske, ta nan ruwa zai shigo. Ka shinshina. Idan ta taɓa ɗaukar ƙiraga, busasshen kifi, taya ko sinadari, warin yana zaune a katakon ƙasan, wanki ba ya fitar da shi. Ka shafa ƙasan ka ji ko akwai danshi ko maiƙo ko ƙusa da za ta yaga buhu. Ka duba robar bakin ƙofa da sandunan kullewa, da farantin ƙarfen nan na shaidar inganci da ke manne a ƙofar hagu. In ba ta yi maka ba ka mayar da ita, haƙƙinka ne.

Sai kuma gumi. Kwantena takan bar Arewa cikin busasshiyar iska, ta isa Legas inda iska ke ɗauke da ruwa, ta kwana a rana a tasha, ta shiga teku. Da rana ƙarfe ya yi zafi, danshin da ke cikin kaya ya tashi, da dare rufi ya huce, danshin ya taru ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama. Wata shekara na loda wa wani bawan Allah zoɓorodo a farkon kaka. Yana sauri kada jirgi ya wuce shi, wasu buhunan kuwa sabon girbi ne da bai gama bushewa ba. Na ji sanyinsu a hannuna, na yi magana sau ɗaya, da ya nace sai na bari aka loda. Kwantenar lafiyarta ƙalau, babu huji ko ɗaya, amma da aka buɗe a can layin sama duk ya yi fumfuna, aka zaftare masa kuɗin da ya cinye ribar tafiyar. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na loda kayan gona sai an sa na'urar awon danshi. Riɗi kada ya haura kashi 6 zuwa 7 cikin 100, zoɓorodo kuma ka bi abin da mai saye ya rubuta. A shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango, a rataya jakunkunan tsotse danshi, a bar 'yar rata tsakanin buhun sama da rufi. Feshin ƙwari kuma ƙwararru masu lasisi za su yi shi, domin hayaƙin maganin yana kisa, kuma ƙasashe irin su Japan da Meziko suna da tsauri ƙwarai a kan wannan.

A ina za a loda?

Kana iya kawo fanko har Daura, kana iya lodawa a Kano bayan an tace, kana iya kai buhuna Legas a loda a can. A karon farko na fi son Kano, tunda injinan tacewa suna can, kuma kwantenonin da suka kawo kayan Kantin Kwari da sauran kasuwanni suna komawa Legas fanko, ana samun su da sauƙi. A abin da na saba gani doguwar foti ta fi twanti samuwa a nan Arewa, don haka ka nemi twantin da wuri. Ka kuma tambayi halin da tasoshin tsandauri suke ciki, ta Dala a Kano, ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da tamu ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024, ko za su iya kammala maka aikin kwastan kusa da gida. Daga ranar da fanko ta fito kwanakin kyauta suke fara ƙirguwa, idan suka ƙare kamfanin jirgi zai riƙa cajin ka kullum, shi ya sa ba a kiran kwantena sai buhuna sun gama shiryuwa.

Idan a Daura za ka loda, ka tuna doguwar foti a kan tirela ta haura mita 4 daga ƙasa. Ka bi hanyar sitonka ka duba wayoyin lantarki da rassan itatuwa da kwanar da motar za ta karya. Tirelar ta zama mai makullan kusurwa, a kulle duka huɗun a gabanka. A baje nauyi daidai daga ciki zuwa ƙofa, kada a tara shi gefe ɗaya. Bayan lodi a kai ta sikelin mota, domin tun 1 ga Yuli 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta hana ɗora kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba, kuma mai kaya ne ke sa hannu a takardar da ake kira VGM. Ka ɗauki hoton cikinta fanko, da rabin lodi, da cikakke, da lambar kwantena da ta hatimi. Rajistarka da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da fom ɗin fitar da kaya na NXP da ake cikewa ta banki, da takardar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona, su riga kwantenar zuwa.

Ban ga kayanka da idona ba, Alhaji, kuma farashin jirgi yana sauyawa mako-mako, don haka lambobin da ke hannunka su za su yanke hukunci. Ka auna tarin zoɓorodon nan, ka jira a tace riɗin ka ga tan nawa ya rage, sannan ka nemi ejan biyu ko uku kowanne ya rubuto maka kuɗin twanti biyu da na doguwar foti ɗaya, tun daga ƙofar sito har tashar da mai saye zai karɓa, tare da adadin kwanakin kyauta da sunan jirgin da ranar tashinsa.